Muhawara: Shin Joseph de Maistre ne kakan aƙidar fasisanci?

Malam Habibu: Assalamu alaikum jama'a. Ina so mu auna hukuncin da masanin nan na Jami'ar Oksfod, Isaiah Berlin, ya yanke a wata doguwar maƙala da ta fito a 1990, cewa saiwar fasisanci, aƙidar kama-karya irin ta Mussolini da Hitila, tana komawa ga marubuci Joseph de Maistre. Ga wanda bai san Maistre ba, an haife shi a 1753 a Chambéry da ke yankin Saboy, lokacin yankin yana hannun Sarkin Sardiniya. Ya karanta shari'a a Turin, ya kama aikin kotu a 1774, ya shiga Majalisar Dattawan Saboy a 1788, wadda a haƙiƙa babbar kotu ce. Da sojojin juyin juya halin Faransa suka mamaye ƙasar a Satumbar 1792 sai ya yi hijira, aka ƙwace dukiyarsa.

Ni ina bayan Berlin, kuma hujjata hauni ce. A hira ta farko ta littafin Maistre, Hirarrakin Dare na Sen Pitasbag, wanda ya fito a 1821, ya siffanta yadda hauni ke ɗaure mai laifi yana kakkarya masa ƙasusuwa, sannan ya ce duk wani girma da iko da biyayya a kan wannan mutum suka dogara, in aka cire shi gadajen sarauta za su rushe, al'umma ta watse. A hira ta bakwai kuma ya ce yaƙi abu ne na Ubangiji, duniya kuwa wani makeken bagade ne da jini ba ya bushewa a kansa. Wanda ya gina siyasa a kan tsoro da jini, me ya rage masa?

Dakta Rakiya: Wa'alaikumus salam Malam. Nassoshin haka suke, ba wanda zai musa. Sai dai fasisanci yana da sassa da aka sani, mu jera su mu ga wanne Maistre ya ɗauka. Jam'iyya ɗaya da ke haɗiye hukuma. Jagoran da ya taso daga cikin jama'a yana cewa shi ne muryarsu. Tara miliyoyin mutane a filaye ana zuga su. Fifita jinsi ko ƙasa bisa komai, har bisa addini. Sai alkawarin ƙera sabon mutum. Mussolini a 1922 da Hitila a 1933 duk da waɗannan suka zo. Maistre kuwa kowanne daga ciki abin ƙyama ne a gare shi, domin su ne ainihin abin da ya gani a wurin 'yan Jakobin, masu tsattsauran ra'ayi na juyin juya halin Faransa. Sarkin da yake so na gado ne, wanda al'adar ƙasa da kotuna da manyan gidaje da coci suka yi wa shinge ta ko'ina. Ko mulkin soja na hafsoshin Piyedmon, yankin Turin, da ke zaune a Saboy ya tsana, har ya laƙaba masa sunan da ma'anarsa ita ce mulkin sanda.

Yohanna: Dakta ta riga ni. Zan ƙara abu ɗaya a kan hauni, Malam Habibu. An ɗauko wannan shafi ne daga tsakiyar wata tambaya ta ilimin tauhidi: me ya sa ake ganin mugu yana jin daɗi, mutumin kirki yana wahala? Mutum uku ne ke hirar a bakin kogin Neba, wani mai sarauta, wani dattijon majalisa ɗan Rasha, da wani matashin soja Bafaranshe. Amsar mai sarautar ita ce yawancin mugunta tana samun sakayyarta tun a duniya, kuma hukuncin kotu yana cikin hanyoyin. Tushen maganar zunubin asali ne, koyarwar da cocin Katolika ya gada tun daga Agustin, babban malamin coci na dā: ɗan Adam a karkace yake, dole a yi masa linzami. Ɗan fasist yana kallon zubar da jini a matsayin lafiyar al'umma. Maistre yana kallonsa a matsayin azaba da kaffara. Nisan da ke tsakani ba kaɗan ba ne.

Malam Isiyaku: Ku bari in shigo ta wata ƙofa, domin a ganina ba a kan hauni gizo ke saƙar ba. Zuciyar tunaninsa tana cikin littafinsa na 1797 a kan Faransa, wanda ya rubuta yana gudun hijira a Lozan ta ƙasar Suwizalan, da kuma ƙaramin littafin da ya rubuta a 1809 a kan asalin tsarin mulki. Da'awarsa ita ce ba a zama a rubuta wa ƙasa tsarin mulki kamar yadda tela ke yanka riga. Tsari yana tsirowa ne a hankali daga addini da al'ada da tarihi, abin da aka rubuta kuwa shaida ce kawai ta haƙƙin da ya riga ya wanzu, kuma yawan rubutu alamar rauni ce. Ya kawo lissafi: majalisun juyin juya hali uku sun kafa dokoki 15,479 cikin shekara shida ko ƙasa da haka, 11,210 daga ciki na majalisa ta uku ne kaɗai. Kundin tsarin mulki uku aka yi, 1791 da 1793 da 1795, na ƙarshen mai sassa 377. A kan na 1795 ne ya yi maganarsa da ta shahara, cewa an yi shi ne don "mutum", shi kuwa ya ga Faransawa da Italiyawa da Rashawa, amma bai taɓa haɗuwa da wani wai shi mutum zalla ba. Shekara huɗu kundin ya yi, Napoliyon ya ture shi a 1799. A nan dai ya faɗa daidai.

Malam Habibu: A nan ya dace, a Amurka kuma ya faɗi ƙasa warwas. A wannan littafin ne ya ce zai iya caca dubu a kan ɗaya cewa ba za a gina sabon babban birninsu ba, ko ba za a kira shi Washinton ba, ko majalisa ba za ta zauna a can ba. A 1800 majalisa ta tare a can. Ya ce babbar jamhuriya ba ta yiwuwa, ga kundin tsarin mulkin Amurka na 1787 yana aiki har yau. Kuma Malam Isiyaku, maganar nan ta "ban ga mutum ba" ai ita ce ƙofar da nake tsoro. In babu mutum sai Bafaranshe da Barashe, da wane haƙƙi baƙo ko marar rinjaye zai kare kansa?

Dakta Rakiya: Tambayar tana da nauyi Malam, kuma gaskiya ne masu kishin ƙasa na baya sun yi amfani da jimlar. Charles Maurras na ƙungiyar Action Française, ta masu son dawo da sarauta a Faransa, ya ɗauke shi malami. Carl Schmitt, masanin shari'a Bajamushe, ya ware babi a littafinsa na 1922 a kan Maistre da wasu masu adawa da juyin juya hali biyu, Bonald da Donoso Cortés, ya kuma shiga jam'iyyar Nazi a 1933. To amma a duba abin da kowannensu ya yanke kafin ya ɗauka. Maurras ba mai imani ba ne a yawancin rayuwarsa, coci yake so don tsari kawai, shi ya sa Fafaroma Pius na 11 ya la'anci ƙungiyarsa a 1926. Schmitt ya ɗauki batun cewa dole a sami mai yanke magana ta ƙarshe, ya jefar da dokar Allah da ke bisa mai yankewar. In ka zare Allah da Fafaroma daga Maistre, abin da ya saura yana iya zama guba, na yarda. Sai dai wanda ya zare ɗin shi ke da alhaki.

Baba Ɗanjuma: Kun yi ta ambaton Fafaroma a matsayin birki, to mu buɗe birkin mu ga ko yana kamawa. A littafinsa Du Pape (wato A kan Fafaroma) na 1819, Maistre ya fara da cewa ma'asumancin Fafaroma a fagen addini da cikakken ikon sarki a fagen mulki abu ɗaya ne. Dalilinsa na alƙali ne: kowace shari'a tana buƙatar kotun da ba a ɗaukaka ƙara daga gare ta, in ba haka ba rigima ba ta ƙarewa. Daga nan sai tambayar azzalumin sarki. Ya hana talakawa tawaye, domin a ganinsa maganin ya fi cutar muni. Hanyar da ya bari matakai uku ce. Wakilan ƙasa su taru. Su rubuta koke zuwa ga Fafaroma, har samfurin irin wannan takarda ya tsara a littafin. Fafaroma ya bincika, in ya gamsu ya warware musu mubaya'ar da suka yi wa wannan sarki shi kaɗai, sarautar kanta tana nan daram. Abin koyinsa Fafaroma Gregori na 7 ne, wanda ya yi wa Sarki Henri na 4 na Jamus haka a 1076, har sarkin ya je wurinsa a Kanosa ta Italiya neman gafara a 1077.

Ga inda abin ke lalacewa. Na ɗaya, sarkin ne ke kiran taron wakilai, a Faransa ba a kira shi ba daga 1614 har 1789. Na biyu, Ingila da Furusiya da Rasha ba sa bin Fafaroma, kuma da Pius na 5 ya gwada wannan a kan Sarauniya Elizabet ta 1 ta Ingila a 1570, Katolikan Ingila ne suka sha wuya, ita ko gezau. Na uku, Pius na 7 da Maistre ke magana a zamaninsa ya je bikin naɗin Napoliyon a 1804, sannan Napoliyon ya tsare shi daga 1809 zuwa 1814. Wanda ke tsare a hannun azzalumi ta yaya zai tsige shi? Ni ban kira Maistre ɗan fasist ba, 'ya'yana. Laifinsa a wurina shi ne ya ƙwace sandar hannun wanda ake zalunta, ya ce ya jira wani mai ceto da ba zai iso ba.

Yohanna: Baba, ban da abin cewa a kan matakan nan. Abin lura kawai shi ne ko taron Batikan na farko da ya tabbatar da ma'asumancin Fafaroma a 1870 ya taƙaita shi ga koyarwar imani da ɗabi'a, a kan hujjar nassi da gadon manzanni. Bai bi Maistre zuwa tsige sarakuna ba.

Malam Isiyaku: Zaman Maistre a Rasha ma yana goyon bayan Baba. Jakadan Sarkin Sardiniya ne a fadar Sarkin Rasha Alekzanda na 1 daga 1803 zuwa 1817, cikin ƙuncin aljihu, iyalinsa na nesa, 'yarsa Constance da aka haifa a 1793 sai a 1814 ya sadu da ita. A 1810 ya rubuta wa ministan ilimi Razumovski wasiƙu yana ba da shawarar a rage koyar da kimiyya. A 1811 ya ba da shawarar kada a gaggauta 'yanta manoman da ke ɗaure a gonakin iyayengijinsu, yana cewa addini ko bauta ne kaɗai ke riƙe taro mai yawa, cocin Rasha kuwa ba shi da ƙarfin riƙewa. Ya yi adawa da gyare-gyaren Speranski, mai ba sarkin Rasha shawara, wanda aka kora a 1812. Manoman nan sai 1861 suka sami 'yanci. Shi kansa da aka kori limaman Jezuwit, wata ƙungiya ta cocin Katolika, daga Sen Pitasbag a ƙarshen 1815, aka zarge shi da hannu wajen mayar da matan manya Katolika, ba shi da kotun da zai kai ƙara, barin ƙasar ya yi a 1817.

Malam Habibu: Dakta, na janye kalmar kaka, jerin sassan da kika kawo ya gamsar da ni. Amma Yohanna, hauni ban sake shi ba. A wannan hira ta farko dai Maistre ya taɓo Jean Calas, ɗan Furotesta da aka kashe a Tulus a 1762 bisa zargin kashe ɗansa, aka kuma wanke shi a 1765 bayan fafutukar marubucin nan Bafaranshe Voltaire. Maistre ya ce ba a tabbatar da rashin laifinsa ba. Ya ƙara da cewa mai yiwuwa wanda aka kashe kan laifin da bai yi ba ya cancanci hakan saboda wani laifin da ba a sani ba. Mutumin da ya yi shekara goma sha takwas a kotun Saboy, ya kuma shugabanci shari'a a tsibirin Sardiniya daga 1800, shi ya rubuta wannan. Da irin wannan hujja babu hukuncin zalunci da ba za a wanke ba, kuma iyalan wanda aka kashe ba su da bakin magana. Ka nuna mini wuri ɗaya a cikin hirarrakin goma sha ɗaya da ya buɗe musu ƙofa.