Wa ya taɓa yawon Sarayebo da ƙafa shi kaɗai?

Ɗaliba a Istanbul:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da hutun kwana huɗu bayan jarrabawa, kuma raina ya kwanta da Sarayebo, babban birnin Bosniya. Daga nan jirgi bai cika awa biyu ba. Ni kaɗai zan je, ba ni da kuɗin tasi balle na ɗan rakiya. Waɗanda suka taɓa zuwa, don Allah ku faɗa mini: ƙafa za ta wadatar? Kuma mace baƙar fata mai hijabi za ta sake a can?

Bazazzage mazaunin Jamus:
Wa alaikumus salam, ƙanwata. Ƙafar ma ta fi mota a garin nan. A cikin kwari yake, dogo siriri, kogin Milyaka ya ratsa tsakiyarsa, tsaunuka kuma sun yi masa zobe. Ba ki ɓata, domin duk hanyar da ta gangara kogi za ta kai ki. Ki fara da Bashcarshiya, tsohuwar kasuwar zamanin Turkawa. Akwai layin maƙeran jan ƙarfe da ake kira Kazanjiluk, tun daga nesa za ki ji ƙarar guduma. Daga nan ki miƙe yamma ta titin Ferhadiya. Akwai wani layi da aka zana a ƙasa, kina tsallake shi gine-gine suka sauya, daga rumfunan Turkawa zuwa benayen Ostiriya, waɗanda suka karɓi garin a 1878. Cikin minti goma na wuce masallaci, cocin Katolika, cocin Otodoks da wurin ibadar Yahudawa. Gadar Latin ma nan kusa take, inda aka harbe Yarima Franz Ferdinand na Ostiriya ranar 28 ga Yuni 1914, har Yaƙin Duniya na Ɗaya ya barke. 'Yar ƙaramar gada ce, idan ba ki lura ba sai ki wuce ta.

Hajiya daga Damagaram:
'Yata, ni da azumi na je, bayan wani taron aiki, na ƙara kwana uku ni kaɗai. Hijabi ba baƙon abu ba ne a can, za ki ga masu shi da marasa shi suna tafe tare.

Abin da ba zan manta ba shi ne agogon hasumiyar da ke gefen masallacin Gazi Husrev-beg, wanda aka gina wajen 1530. Na duba shi na ce ya lalace, don bai dace da na wayata ba. Wata mata da muka yi la'asar tare ta fahimtar da ni da hannu da ɗan Larabci: ƙarfe 12 ɗinsa ita ce faɗuwar rana. Akwai mutumin da aikinsa ke nan, ya hau ya daidaita shi, tunda magariba kullum matsawa take. Raina ya yi fari da na ji haka.

Da yamma ki hau zuwa Zhuta Tabiya, tsohuwar ganuwar da ke saman gari. Hawan yana da wuya, gwiwata ta ji a jika, na tsaya hutawa sau uku. Can ake buga igwa idan an sha ruwa. Mutane sun shimfiɗa abincinsu, kowa da burodin somun mai zafi wanda aka barbaɗa wa habbatus sauda. Igwa na tashi, fitilun hasumiyoyi suka kunnu a kwarin, kiran salla ya taso ta ko'ina. Wasu 'yan mata suka miƙo mini dabino ba tare da sun tambaye ni daga ina nake ba.

Injiniya ɗan Kumasi:
Hajiya ta faɗi gaskiya, amma ina so in ƙara abin da ya fi taɓa ni, don a kan hanyar hawan nan yake. Maƙabartar Kovaci, inda kabarin shugaban Bosniya na farko Aliya Izetbegovic yake. Fararen duwatsu jere, kina karantawa: 1992, 1993, 1993, 1994. Samari ne yawancinsu. Lokacin yaƙin Bosniya an yi wa garin ƙawanya daga 1992 zuwa 1996, ana ruwan harsashi daga tsaunukan da kike kallo kina cewa sun yi kyau, mutum sama da dubu 11 suka rasu.

A kan titi za ki riƙa ganin tabo kamar fure da aka cike da jan abu. Inda roka ta faɗo ta kashe mutane ne. Ni ban sani ba, na tsaya a kan ɗaya ina duba taswira a waya. Wani dattijo ya taɓa kafaɗata a hankali, ya nuna ƙasa, bai ce komai ba. Na matsa, na ba shi haƙuri. Tun ranar idona na ƙasa. Wanda ke cikin mota ba zai taɓa ganinsu ba. Haka ɗakin karatu na Viyecnitsa, da aka ƙone a Agustan 1992, ba a sake buɗe ginin ba sai 2014. Ki shiga.

Bazazzage mazaunin Jamus:
Na manta: ramin da suka haƙa ƙarƙashin filin jirgi a 1993 don shigo da abinci ba ya zuwa da ƙafa. Ki hau taragon cikin gari mai lamba 3 zuwa unguwar Ilija, sannan ki nemi tasi, nan kam sai kin kashe. Idan kin hau dutsen Trebevic, kada ki kauce daga hanyar da aka share, har yanzu ana gargaɗi kan nakiyoyi a dazuzzukan ƙasar. Ki guji tsakiyar hunturu, hayaƙi kan kwanta a kwarin. Kuɗinsu marka ne, ki riƙe tsaba.

Ɗaliba a Istanbul:
Allah Ya saka da alheri. Hajiya, batun kallo fa?

Hajiya daga Damagaram:
Za a kalle ki, 'yata, musamman yara da tsofaffi, don irinmu ba su da yawa a can. Ni dai sallama nake yi, sai fuska ta saki. Ki koma masauki kafin dare ya yi nisa, ki kuma sa takalmi marar tsini, duwatsun kasuwar suna da santsi idan an yi ruwa.