Me za mu kira "hiren" da Hausa? Ni dai na tsaya a kan "yankan ƙauna"

Jama'a, ku ba ni aron hankalinku, wata kalma ce ta Japanawa, hiren, wato soyayyar da ta ƙare da baƙin ciki, ta hana ni sukuni kwana biyun nan.

Daren Asabar ni da ƙanwata muka ƙarasa kallon Shigatsu wa Kimi no Uso, wato ƙaryar da kika yi a watan Afrilu. Waya ɗaya muke leƙe, a kan tabarma a tsakar gida. Katun ɗin Japan ne mai kashi 22, kamfanin A-1 Pictures ya fitar da shi daga Oktoba 2014 zuwa Maris 2015, an ɗauko shi daga littafin zane na Naoshi Arakawa. Da aka gama karanta wasiƙar ƙarshe, sai ta share ido da bakin mayafinta ta ce, "Yaya, irin wannan labarin me ake ce masa?" Na buɗe baki, ba abin da ya zo mini sai "sad ending" ɗin nan da muke ta rubutawa a tsakiyar Hausa. Abin ya tsaya mini a wuya.

Japanawa suna da sunan abinsu: hiren. Harafi biyu ne a rubutunsu, "hi" baƙin ciki, "ren" kuma so. Sun bambanta shi da kataomoi, wato kana so kai kaɗai ba a mayar maka ba, da kuma shitsuren, wanda aka ƙi shi ko aka rabu da shi. Shi kataomoi mun daɗe da maganinsa: son maso wani, ƙoshin wahala. Hiren ɗin ne ba mu raɗa wa suna ba.

Wanda bai kalla ba ya yi haƙuri, dole na fasa ƙwai, don sai an ga labarin ake gane kalmar. Arima Kosei yaro ne ɗan shekara 14, gwanin fiyano. Mahaifiyarsa ce ta koya masa, da tsawa da duka, tana fama da ciwon ajali. Bayan rasuwarta, in ya zauna yana kiɗa sai sautin ya ɓace masa, yatsu na tafiya kunne bai ji. Ya ajiye. Sai ga Miyazono Kaori mai gogen Turawa, a watan Afrilu, lokacin da furen sakura ke zuba kuma ake buɗe sabuwar shekarar karatu a can. Ta ce abokinsa Watari take so. Ta bi ta takura Kosei har ya koma kan fiyano. Ashe ciwo take ɗauke da shi. Ranar da aka shiga da ita tiyata, yana kan dandalin gasa yana kaɗa wani kiɗa na Chopin, tsohon gwanin fiyano na Turai, bai gama ba jikinsa ya ba shi ta tafi. Iyayenta suka miƙa masa wasiƙa. A ciki ta faɗa masa tun tana 'yar shekara 5 ta gan shi yana kiɗa, saboda shi ta kama goge, don wata rana su yi kiɗa tare. Zancen Watari ƙarya ce ta yi don ta samu hanyar zuwa kusa da shi. Sai da aka binne ta ya san shi ake so.

To, wane suna zai ɗauki wannan?

Na tambayi mutane, an kawo da dama. "Labari mai ban tausayi" shi ya fi yawa, amma ya yi faɗi. Dukan da uwar Kosei take masa ma ai abin tausayi ne, labarin maraya ma haka, kuma babu so na saurayi da budurwa a ciki. "Soyayyar da ta ƙare da baƙin ciki" bayani ne, ba suna ba, kafin ka faɗe shi hira ta yi gaba. "Rabuwa" ta yi salam, har sakin aure ya shiga ciki.

Wata baiwar Allah ta kawo "soyayyar ƙaddara". Da farko ta burge ni. Da na kwana da ita sai na ga wadda ta kai ga ɗaurin aure da 'ya'ya goma ita ma ƙaddara ce. "Bege" kuwa yana da daɗi a baki, amma mai bege yana sa ran haɗuwa, kuma kalmar ta riga ta zauna a kunnenmu wajen yabon Manzon Allah, ban so a ja ta nan.

Abin da nake nema ashe yana gidan makoki. Duk wanda ya taɓa zama zaman ta'aziyya ya ji tsofaffi na cewa, "Mutuwa mai yankan ƙauna." Ranar da kakata ta rasu na ji wata gwaggona tana ta maimaita shi a hankali, tana ninke zannuwan mamaciyar. "Yankan ƙauna" kalma biyu ce, kowa ya san ta, ba sai an yi wa kowa fassara ba. Akwai ƙauna a ciki, akwai kuma hannun da ya zo daga waje ya datse ta, masoyan ba su gaji da juna ba. Wannan shi ne hiren.

Wani malamin makaranta ya ja ni, ya ce za a rikita shi da "yanke ƙauna", wato fid da rai, abin da aka hane mu game da rahamar Allah. Maganarsa tana kan hanya, amma ku saurari bambancin. Yanke ƙauna, mutum ne yake yi da kansa. Yankan ƙauna kuwa yi masa ake yi. Labarin nan ma ya raba mana su: bayan rasuwar mahaifiyarsa Kosei ya yanke ƙauna, ya guji fiyano shekara biyu. Da mutuwa ta yi masa yankan ƙauna a kan Kaori kuwa, bai tashi daga kan kujerar ba sai da ya kai kiɗan ƙarshe.

Ƙanwata ma ta yi gardama. Ta ce, "Yaya, ai ba a yanke ba, har gobe yana sonta." Na ce haka ne, igiya in aka yanka, guntun yana nan a hannun wanda ya riƙe, ɗaya ɓarin ne ya tafi. Ta yi shiru, ta karɓi wayar ta sake mayar da wurin wasiƙar.

Kuma ba mutuwa kaɗai ke yanka ba. Yaƙi yana yi, auren dole yana yi, nisan gari yana yi. Duk labarin da aka so juna da gaske, wani abin da ya fi ƙarfinsu ya shiga tsakani har abada, ya shiga wannan suna.

Ga yadda nake jin sa a baki: "Kada ka kalla da dare, na yankan ƙauna ne." "Ina neman katun na soyayya, amma ban da na yankan ƙauna." "Marubuciyar nan ta ƙware a labaran yankan ƙauna." Ku gwada faɗa da ƙarfi ku ji ko ya zauna. 'Yan'uwanmu na Damagaram da Maraɗi, da na zangon Kumasi, ku faɗa mini ko haka tsofaffinku suke faɗar sa, ko akwai wani lafazin da ya fi shi a wajenku.