Rumbun LVM-thin ya cika dam, VM uku sun tsaya

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan'uwa, don Allah a taimaka min. Ina kula da sabar Proxmox (manhajar da ke gudanar da VM, wato kwamfutocin kwaikwayo a cikin kwamfuta ɗaya) a wani ƙaramin kamfani. Wanda ya kafa ta ya bar aiki bara bai bar ko takarda ɗaya ba, oga kuma tun watan azumi nake roƙonsa kuɗin sabon diski yana cewa a jira ƙarshen wata. Da safen nan VM uku suka tsaya da io-error (sun kasa rubutu a diski), har da mai riƙe da lissafin albashi. Na buga umarnin lvs, pve/data (rumbun LVM-thin da diskan VM ke rabon fili daga gare shi) ta nuna 100 cikin 100. Diskin 1TB ne, na raba wa VM ɗin 1.6TB. Kafin su tsaya na goge fayiloli da yawa a ciki amma ko gezau. Ban yi barci ba.

Injiniya: Wa alaikumus salam. Kada ka sake kunna komai. Gogewar da ka yi ba ta isa rumbun ba, sai an kunna discard a diskin VM an kuma buga fstrim a ciki, su ne ke mayar wa rumbun filin da aka goge. Ko da ka yi, in akwai tsohon sinafshot (hoton yadda diskin VM yake a wani lokaci), shi zai riƙe wurin. Nawa gare ka? Buga vgs ka duba VFree, wato filin diski da ba a ba kowa ba tukuna, Proxmox kan bar har 16GB lokacin sakawa. Ƙara wa rumbun su da umarnin lvextend, sannan ka cire tsofaffin sinafshot.

Mai tambaya: Guda 11 ne, Injiniya. Amma ba zan iya taɓa su ba, su ne bakof ɗina, wato kwafin ajiyata.

Injiniya: A diski ɗaya suke da abin da kake son karewa, ɗan'uwa. Diskin ya mutu, tare za su tafi. Wannan ba bakof ba ne.

Wata 'yar'uwa: Wallahi irin ogan nan na sha wahalarsa. Nawa sai da bayanan wata biyu suka salwanta ya fito da kuɗi, kuma ni aka tsare a ofis ana tambaya.

Wani ɗan'uwa: Ni ban yarda a fara goge-goge ba. Meta% nawa ne, wato cikar metadata, bayanan da rumbun ke riƙe da tsarinsa da su? In metadata ce ta cika ita ma, a fara kwafe komai zuwa diskin waje. Daga baya ka koma ZFS, wani tsarin ajiya daban, ka huta.

Injiniya: ZFS ma in ta cika haka za ta yi masa. Ya gyara thin_pool_autoextend_threshold a fayil ɗin lvm.conf, saitin da ke sa rumbun ya faɗaɗa da kansa, tana zuwa ne a 100, wato a kashe.

Wani ɗan'uwa: In babu fili a VG (rukunin filin diski da rumbun ke ciki), ina za ta faɗaɗa zuwa?

Mai tambaya: Ni dai ba ni na tsara ta haka ba, kuma shekara guda tana aiki lafiya. Sinafshot ɗin sun cece ni sau biyu. VFree 0 ta nuna. Diskin waje da ke hannuna 500GB ne, na hotunan bikin oga. Zan iya amfani da shi zuwa jibi?