Kafaɗun 'yata sun zubo gaba, ga ciwon wuya

Wata uwa, Aboabo, Kumasi: Assalamu alaikum jama'a. 'Yata ce mai shekara 16, tana shirin jarrabawar gama sakandare ta WASSCE. Kafaɗunta sun zubo gaba, kai ya leƙo, kuma kusan kullum da dare sai ta ce wuya na ciwo har ƙeya. A kan tabarma take karatu, littafi a ƙasa, waya a cinya. Na yi faɗan "miƙe bayanki" har bakina ya gaji. Kakarta ta ce a kai ta wajen mai ɗori ya ja ta, maƙwabciya kuma ta ce in sayo bel ɗin kafaɗa a kasuwar Kejetia. Wanne zan bi?

Ɗalibin gashin ƙashi, jami'ar KNUST: Wa alaikumus salam, Umma. Faɗa ba zai yi ba. Naman ƙirjinta ne ya ɗaure, na tsakanin allunan kafaɗa kuma ya yi sanyi, shi ya sa ko ta miƙe, minti biyu ta koma. Kan mutum wajen kilo 5 ne, kuma gwargwadon sunkuyarwa gwargwadon wahalar wuya.

Ta fara da haɓa: ta ja ta baya, ba ƙasa ba, ido na kallon gaba, har fatar ƙasan haɓar ta ninku. Ta riƙe daƙiƙa 5, sau 10. Sannan ta tsaya a bakin ƙofa, ta dafa gefe biyu, gwiwar hannu daidai kafaɗa, ta ɗan tura ƙirji gaba na daƙiƙa 30. Wanda ya fi muhimmanci shi ne ja. A samo tsohon tif ɗin keke a ɗaura a ƙarfen taga, ta ja shi zuwa haƙarƙari tana matse allunan kafaɗa, kar kafaɗun su hau wajen kunne. Sau 12, ta huta, ta ƙara zagaye biyu, kwana uku a mako. Sai an yi makonni kafin a ga canji.

Bel kuwa, shi ke yin aikin da naman ya kamata ya koya. Ki adana kuɗinki.

Malamin makaranta, Asawase: Hajiya, ki fara ɗaga littafin. Ko benci ne a sa mata, ko rehal a kan ƙaramin tebur. Duk rabin awa ta tashi ta zaga tsakar gida. Ki kuma ɗaga jakarta ki ji nauyinta. 'Yan matan nan a kafaɗa ɗaya suke rataya ta don gayu.

Ma'aikaciyar jinya, Tafo: Yaya, maganar mai ɗori a lallaɓa Kaka a bar ta, babu abin da ya karye. Amma ki sa yarinyar ta yi ruku'u ki duba ta baya. In gefe ɗaya ya fi tudu, ko doron ya ƙi miƙewa, ko hannu na mata mutuwa, ko ciwon na tashinta cikin dare da zazzaɓi, to a ajiye atisaye, ku wuce Gee, wato asibitin Komfo Anokye, likita ya gani tukuna.

Uwar: Na gode, Allah ya saka. Na duba, bayan daidai yake. Tif ɗin na wa ne zan nema, babban keke ko na yara?

Ɗalibin: Kowanne kika samu, Umma. In ya mata tauri, a tsaga shi biyu a tsaye.