Digiri na biyu a fannin harkar kuɗi: ina matsayin Kirista game da kuɗin ruwa?

Rifkatu:
Salama a gare ku. Na samu gurbin karatun digiri na biyu a fannin harkar kuɗi, amma da na duba darussan sai na tarar kusan dukansu, tun daga ƙiyasta darajar hannun jari har zuwa takardun lamuni na gwamnati, a kan kuɗin ruwa aka gina su. Fitowa 22:25 da Zabura 15:5, masu hana karɓar ruwa a kan rance, sun tsaya mini a rai. Shin ya dace mai bi ya ƙware a wannan fanni?

Baba Yohanna:
'Yata, ki sake karanta wurin nan na Fitowa a tsanake, domin wanda ake magana a kansa matalauci ne da ya jinginar da mayafinsa, shi ya sa aka umarta a mayar masa da shi kafin faɗuwar rana. Ikkilisiya ta daɗe tana haramta ruwa baki ɗaya, har a 1545 John Calvin, malamin tauhidi na Furotesta, ya bambanta rancen da ɗan kasuwa zai juya ya ci riba da wanda mabukaci zai ci abinci da shi, ya yarda da ruwa a na farko bisa sharuɗɗa, ya hana shi a na biyu. Ra'ayina ke nan, saboda haka ki yi karatunki.

Ishaya:
Baba, a gafarce ni, raba su ba shi da sauƙi a kasuwa. Matar da ke soya ƙosai, wadda ta ci bashin jari ta manhajar waya, ruwan ya taru ya fi ƙarfinta, aka riƙa aika wa 'yan uwanta saƙon tozarci, 'yar kasuwa ce ko mabukaciya? Duka biyun ce. 'Yar'uwa Rifkatu, ni ma ina ganin ki karanta, amma ki ɗora bincikenki a kan irin waɗannan mata. A 1462 'yan ɗariƙar Faransiskan ta Katolika suka assasa asusun ba talakawa rance a Perugia ta Italiya, wanda ba ya karɓar fiye da abin gudanar da shi. A nan gida kuma, tun da bankin Jaiz ya fara aiki a 2012, da yawa daga cikinmu muka ɗauki bankin da ba ruwa a matsayin harkar Musulmi kaɗai, alhali muna da namu tarihin a ciki.

Rifkatu:
Na gode ƙwarai. Zan nemi malamin da zai yarda ya duba mini bincike a kan asusun adashe da rance na zumuntar mata a ikkilisiyoyinmu.