Tambaya: ɗaura famfon ruwa, fuli da mariƙin oltaneta a injin 911 (OM352), fanbel yana ta tsallakewa

MaiTifa911:

Assalamu alaikum iyayen gida. Tifa ce Marsandi 911, injin OM352. An sa mata sabon famfon ruwa, sannan an cire tsohon dainamo an ɗaura oltaneta mai cajin batir, mai walda ya yanke tsohon mariƙin ya ƙara masa ƙarfe. Tun daga nan fanbel ba ya zama. A silo lafiya lau, amma da an taka totur sai ya kife a cikin ramin fuli ko ya faɗo gaba ɗaya. Akwai baƙar ƙurar roba a gaban injin. An ƙara ɗaure bel ɗin sosai, yanzu kuma famfon ya fara kuka, ruwa na ɗiga ta ƙaramin ramin da ke ƙasansa. Daga ina za a fara, kuma wane tsari ake bi wajen ɗaura su?

BabanGareji:

Wa alaikumus salam Malam. Kafin komai a sassauta bel ɗin nan. Ɗaurin da aka ƙara ne ya sa boris ɗin famfon, wanda sandarsa ke juyawa a ciki, kuka, kuma idan boris ya yi wasa sandar famfon za ta riƙa kaɗawa, sil ɗin da ke tare ruwa ya buɗe. Wannan ramin da kake ganin ruwa na fita, da gangan aka yi shi, domin ruwan da ya wuce sil ya zube waje kada ya shiga boris. Sabon famfo kan yi ɗan gumi a wurin a farkon aiki, ba komai ba ne. Amma ɗiga mai ɗorewa tare da kuka, famfon ya tafi. Kada kowa ya toshe ramin da gam.

Asalin matsalarka saiti ne. Fuli ukun, na karanshaf da na famfo da na oltaneta, ba sa kan layi ɗaya, kuma ina zargin famfon kansa kafin mariƙin. OM352 ya fito tun 1964, mai silinda shida, lita 5.7, an daɗe ana ƙera shi ana sa shi a manyan motoci da bas-bas da Unimog. Ba duka ne famfonsu iri ɗaya ba. Za ka samu famfo ramukan bol ɗinsa sun hau daidai, amma wuyansa ya fi na tsohon tsawo ko gajarta. Idan tsohon famfon yana nan, a ɗauko shi. A auna daga fuskar da fakin (shimfiɗar da ke hana ruwa zuba tsakanin famfo da bulok) ke kwanciya zuwa fuskar da fuli ke zama, a duka biyun. A duba faɗin farfelar ciki da zurfinta su ma. Farfela mai ƙanƙanta ko wadda ta yi nesa da bangon gidanta za ta yi ta juyawa ba ta tura ruwan kirki, ka ga mota na zafi a kan tudu kana zagin lagireto.

Wajen saiti, fulin karanshaf shi ne liman, kowa shi zai bi, domin shi ne ba ya matsawa. A fara tabbatar da shi kansa lafiya yake: a juya injin da hannu a kafa wani abu mai tsini kusa da bakinsa, a ga ko yana rawa. Daga nan a sami miƙaƙƙen ƙarfe wanda aka tabbatar bai lanƙwashe ba, a kwantar da shi a fuskar fulin karanshaf ya taɓa gefe biyu, ya miƙe zuwa fulin famfo. Abin da mutane ke mantawa shi ne kaurin leɓen fuli ba ɗaya ba ne, na karanshaf zubi ne mai kauri, na famfo sau da yawa falle ne da aka matse. Saboda haka kada a ce tunda ƙarfen ya taɓa duka biyun shi ke nan. A auna daga ƙarfen zuwa tsakiyar ramin bel a kowane fuli, lambar ta zo ɗaya. Ni dai ba na yarda bambancin ya wuce milimita 1 zuwa 2. A auna ta gefen kusa da gefen nesa na kowane fuli, domin idan lambobin biyu sun bambanta, fulin ya karkace ke nan, ba matsawa kawai ya yi ba.

Ɗaura famfon kuma, a zubar da ruwan lagireto da na bulok. A kankare tsohon fakin tas har ƙarfe ya fito, a toshe ramin ruwa da tsumma kada datti ya faɗa. Bol ɗin famfo ba tsawonsu ɗaya ba, don haka yayin cirewa a soka su a kwali bisa yadda suke a jiki. Dogon bol a gajeren rami zai taɓa ƙasa, sifana ta nuna ya ɗauru alhali bai matse fakin ba, wani lokacin ma ya tsaga wurin. A hure ramukan da iska su bushe. Gam kaɗan ake shafawa, shafa ta yatsa, domin wanda ya yi yawa matsewa yake ya shiga ciki ya je ya toshe bututun lagireto. Bol ɗin da raminsa ya ratsa zuwa hanyar ruwa, shi ake sa wa gam a zare. A kama duka da hannu tukuna, sannan a ɗaure a gicciye sau biyu ko uku. Bol M8 mai lamba 8.8 a kansa kusan Nm 25 (ma'aunin ƙarfin ɗauri) yake ɗauka, M10 kusan 49. Bayan an gama a juya famfon da hannu, ya tafi sumul da ɗan nauyin sil, babu gogawa. Kada a tayar da injin babu ruwa ko na minti ɗaya don a gwada bel, sil ɗin da ruwa yake sanyaya.

ƊanWalda:

Maigida BabanGareji ya gama magana kan famfo. Sai dai ni ba zan wanke mariƙin da wuri ba. Bel da ke zama a silo ya kife a babban gudu, sau da yawa mariƙi ne ke lanƙwasawa idan oltaneta ta ɗauki lodi. Injin nan yana kaiwa juyi 2,800 a minti, ga jijjigar gas. Malam MaiTifa, ka kashe injin ka kama oltanetar da hannu biyu ka ja ta gaba da baya. In ta motsa ko kaɗan, aikin bai yi ba.

Kada a yi mariƙi da siririn angil. Faranti mai kaurin milimita 8 zuwa 10, da ɗan ƙarfe mai kusurwa uku a kwanar don ya hana ta buɗewa. Ya kama bulok da bol biyu aƙalla, masu tazara, uku ya fi. Kuma kada a rataya nauyinsa a kan bol ɗin famfon ruwa kaɗai, jijjiga za ta sassauta su fakin ya fara zuba.

Dogon bol ɗin da oltaneta ke lilo a kansa dole ya yi layi ɗaya da karanshaf. Idan ya karkace, za ka saita fuli a wuri ɗaya, da ka ja oltanetar don ɗaure bel sai saitin ya gudu. Yadda ake yi: a ɗaura farantin a bulok, a riƙe oltaneta a wurinta da miƙaƙƙen ƙarfen nan a manne da fulin karanshaf, a ɗiga walda wuri uku ko huɗu kawai, a sake aunawa, sannan a kwance a kai ƙasa a yi cikakkiyar waldar. A riƙa yin gefe kaɗan a koma ɗaya gefen, domin walda tana jan ƙarfe wajen da ta huce. Bayan ya huce da kansa (ba a tsoma shi a ruwa) a mayar a sake aunawa. Lokacin ɗiga waldar a jikin mota a cire kan batir da wayoyin oltaneta, a maƙala as ɗin (wato wayar ƙasa ta) injin walda a jikin mariƙin kansa. In aka maƙala shi a shasi, wutar za ta iya bi ta cikin boris ta ɓata shi.

Tsakanin kunnuwan oltaneta biyu kada a bar fili. A yanka bututun ƙarfe daidai tsawon gurbin, bol ya ratsa ta cikinsa. Idan an ɗaure babu shi kunnen alminiyam ɗin karyewa yake. Hannun sama mai dogon rami kuma ya kwanta a kunnen oltaneta da kansa, ba sai an tanƙwaro shi da ƙarfin bol ba.

RiwayaNaTasha:

Ƙari kan abin da suka faɗa, a duba ramin fulin oltanetar. Bel ɗin manyan motoci irin wannan galibi mai faɗin milimita 12.5 ne, oltanetar da aka ciro daga ƙaramar mota kuma takan zo da rami na 9.5. Babban bel a ƙaramin rami sama yake hawa, rabinsa a waje, ba abin da zai hana shi kifewa ko da saitin ya fi na kamfani kyau. Ƙaramin bel a babban rami kuma faɗawa ƙasa yake ya yi ta santsi. Bel da gefensa yake kamawa, ba da gindinsa ba. Bayansa ya yi daidai da leɓen fuli ko ya ɗan ɗara kaɗan. Idan ka leƙa ka ga gindin ramin yana ƙyalli, fulin ya cinye, sai canji. Ramin da ya yi tsatsa a goge shi da sanfefa, in ba haka ba shi ma cin bel yake, wannan baƙar ƙurar ke nan.

Lambar da ke bayan bel, misali 12.5 x 1200, faɗi ne da tsawo a milimita. Tunda an canza wurin oltaneta, tsohuwar lambar ba lallai ta yi ba. A tura oltanetar kusa da injin, a ɗan dawo da ita kaɗan, a zagaya tsohon bel da aka yanke a cikin ramukan a sa alama, a tafi da shi kasuwa. Sabon bel ya ɗauru tun bol yana kashin farko cikin uku na dogon ramin, don a bar wurin ja idan ya saki. Ba a ɗora bel da sukundireba ana murza injin, zaren cikinsa tsinkewa yake daga gefe ɗaya, daga ranar kuma ya zama mai kifewa. Idan fulin mai rami biyu ne, bel biyu ake canzawa tare, kamfani ɗaya lamba ɗaya.

Ɗauri: a danna tsakiyar wuri mafi tsawo da babban yatsa da ƙarfi, ya nutse kamar milimita 10 zuwa 15. A dogara ƙarfen turawa a jikin gaban oltaneta mai kauri, ba a tsakiyarta ko bayanta ba. A bar injin ya yi kwatan awa yana aiki, a kashe a sake dubawa, domin sabon bel yana saki, a ƙara dubawa bayan aikin yini. Bel ɗin kuma ya naɗe aƙalla kashi ɗaya cikin uku na fulin oltaneta, ƙasa da haka zai yi ihu duk lokacin da batir ya yi sanyi, mutane su koma ɗaurewa, a sake kashe famfo.

Kada a canza girman fulin famfo don kawai an samu wanda ya hau layi. Lissafin mai sauƙi ne: in na karanshaf milimita 180 ne, na famfo 150, famfo da fanka suna juyi 1.2 a kowane juyin injin. Ka sa na 180 sun koma 1, ka rage ruwa ka rage iska lokaci guda.

MaiTifa911:

Allah Ya saka da alheri. An auna. Wuyan sabon famfon ya gaza na tsohon da milimita 6. Ramin fulin oltaneta kuma ƙarami ne kamar yadda Oga Riwaya ya ce, mariƙin ma yana ɗan motsi. Bakaniken ya ce a jera wasa (zoben ƙarfen da ake sawa a bol) biyu-biyu a bayan fulin famfo ya taso gaba, kuma a cire tamostat (abin da ke buɗe wa ruwa hanyar lagireto idan injin ya ɗau zafi) tunda motar na zafi. Ya kuka gani?

BabanGareji:

Milimita 6 da yawa ne, ga kuma ƙaramin rami, dole bel ya faɗo. Wasa ba za ta yi ba. Fuli a kan fuskar wuyan famfo yake kwanciya gaba ɗaya, ƙaramin tudun da ke tsakiya shi ke tsayar da shi a cibiya. Ka jera wasa ka ɗaga shi daga tudun, ya koma tsayawa kan bol, ga nauyin fanka a gabansa. Zai yi rawa, ramukan su faɗaɗa, kuma fankar da ta kwance lagireto take shiga.

Tunda famfon nan ya riga ya fara zuba, ai ba ka da abin ceto. A ɗauki tsohon a hannu a je Ƙofar Ruwa ko duk inda kuke sayen kaya, da lambar injin da ke jikin bulok, a auna wuyan a gaban mai kanti kafin a biya. In an rasa mai wannan tsawon, a kai wa masu injin sassaƙa ƙarfe su fitar da faifai guda ɗaya mai kaurin milimita 6, fuskokinsa biyu a miƙe, da gurbin da zai hau tudun famfo ta baya da nasa tudun ta gaba. Bol su ƙaru da milimita 6 daidai, a juya a tabbatar ƙarshensu ba ya taɓa jikin famfo. Kada a buga wuyan da guduma don a matsar da shi, bugun a boris da sil yake sauka.

A duba tazarar fanka da lagireto bayan an gama, a duba robobin zaman injin, domin idan sun mutu injin kan zabura gaba a birki. Fankar da ta tsage a gindin fiffike ko aka taɓa miƙe ta da guduma a yar da ita, rawarta kaɗai tana cin boris. A lura da fuskarta wajen mayarwa, wadda aka kifa tana jan iska ta hanya ɗaya amma da rauni ƙwarai.

Tamostat kuwa a bar shi. Zafin da kuke gani daga bel mai santsi ne. Idan ana shakkarsa a jefa shi a tukunyar ruwa a kan wuta, lambar zafin da yake buɗewa tana rubuce a jikinsa, ya buɗe sosai kafin ruwan ya tafasa. Injin gas da ke yawo da sanyi hayaƙi yake yi, ya ci mai, silinda ta cinye da wuri.

RiwayaNaTasha:

Fulin oltanetar a canza shi da mai ramin 12.5 kafin ƊanWalda ko wani ya taɓa mariƙin, domin sabon fulin zai iya matsar da layin, a zo a yi walda sau biyu. Wajen zuba ruwa a guji na rijiya mai gishiri, a haɗa ruwa mai tsabta da maganin lagireto bisa abin da ke rubuce a galan ɗin, a zuba a hankali, a bar marfin a buɗe injin na silo har tiyon sama ya ɗau zafi kumfa ta daina fitowa, a cika a rufe. A taka totur ana kallon tiyon ƙasa, idan ya shanye ya manne to ya yi laushi, sabon famfo zai tsotse shi ya hana kansa ruwa. Robar marfin lagireto ma a duba ta, marfi mai riƙe matsin rabin bar (ma'aunin matsi) yana ɗaga tafasar ruwa zuwa wajen digiri 111.