Cigiyar kalma: me za mu kira ƙarfen da ke hana rufin motar tsere danne direba?

Jama'a, ina cigiyar kalma, kuma da dalili nake nemanta. Ƙanena da abokansa biyu sun haɗa kuɗi sun sayi wata tsohuwar Peugeot 406 da ta gaji da lodin Zariya zuwa Kaduna, suna son mayar da ita motar tsere. Tana nan a wani gareji a Sabon Gari. Sun cire kujerun baya, sun ɗaye kafet, sun kwance rediyo da na'urar sanyi, har ta koma fanko, in ka ƙwanƙwasa ƙofarta sai ka ji kamar garwa. Yanzu an iso kan babban aikin: ƙarafunan nan da ake haɗawa a cikin mota, su bi ginshiƙan gilashi su zagaye kan direba, don in ta yi adungure kada rufi ya sauko masa. Turawa na ce masa roll cage. Yaran gareji na cewa rolkeji. Mu fa?

Ga abin da ya sa na damu. Ranar da aka kira mai walda, ƙanena ya ce masa, "Oga, keji muke so a yi mana a ciki." Mutumin ya kaɗa kai ya ce an gama. Washegari sai ga shi da fayif ɗin ruwa da ragowar ƙarfen da ake yi wa taga kariyar ɓarayi, yana auna yadda zai jera su tsaye, tazara ɗaya. Ban ga laifinsa ba. Keji aka ce masa, kuma duk kejin da ya taɓa yi, na hana wani abu fita ne ko na hana wani shiga. Kalmar ce ta ɓatar da shi.

Alhali abin nan yana da ƙa'ida. Hukumar tseren motoci ta duniya, FIA, ta rubuta ta filla-filla: bututun ƙarfe ne marar ɗinki, ba irin na ruwa da ake naɗewa a like tsawonsa ba, domin wannan in ya sha matsi ta ɗinkin yake tsagewa. Babban ƙarfen da ke bayan kan direba faɗinsa aƙalla milimita 45 da kaurin 2.5, ko 50 da kaurin 2, kuma a lanƙwasa shi daga sanda guda, ba a yi masa haɗi ba. Sauran suna iya zama 38 da 2.5, ko 40 da 2. Duk inda ƙafarsa ta sauka a bodi sai an shimfiɗa farantin ƙarfe mai kaurin aƙalla milimita 3, in ba haka ba ranar da mota ta kife ƙafar za ta huda ƙasan motar ta wuce, kamar an soka kara a danshi. A Amurka akwai gasar da aka fara a 2006, 24 Hours of Lemons, ta tsofaffin motocin da kuɗinsu bai wuce dala 500 ba. Ko a can, inda ake tinƙaho da arha, kayan kare rai ba sa cikin lissafin ɗari biyar ɗin. A yi arha a inji, ban da nan.

To, ga sunayen da mutane suka kawo mini tun jiya da na fara tambaya.

Kejin adungure: fassara ce kai tsaye, kuma na faɗi matsalar keji. Akurki ma haka, har ya fi muni.

Mutane da yawa sun zaɓi ƙwarangwal. Na gane dalili, don in ka leƙa ta taga haka yake kama. Amma ƙwarangwal ɗin mota a bakin bakanike ita ce motar da aka gama kwashe wa kaya aka yar a bayan gareji. Ba na son a raɗa wa abin ceton rai sunan gawa.

Sulke da garkuwa duk suna tare abin da ke zuwa daga waje ne, kibiya ko takobi. Wannan kuwa nauyi yake ɗauka. Haƙarƙari ya fi su kusa, kuma na kwana ina juya shi, tunda haƙarƙari baka ne da ke kare abin da ke ciki. Da ban je cikin birni ba, da shi zan tsaya.

Yau da hantsi na kai wa wani dattijo saƙo, tsohon magini ne, aminin mahaifinmu. Muna zaune a zaurensa na nuna masa hoton abin a waya, ban ce masa komai ba sai, "Baba, me wannan ya yi maka kama da shi?" Ya karɓa ya nisanta wayar da idonsa, ya daɗe yana kallo. Sai ya ɗaga sandarsa ya nuna saman zauren. "Yaro, ai ga shi nan a kanka. Ɗaurin guga ne."

Na ɗaga kai. Bakuna ne suka taso daga bango, kowanne ya lanƙwaso, suka haɗu a tsakiya suka gicciya, azara a cikinsu, ƙasa a kansu. Ya ce rufin soro ba ya tsayawa don kaurin ƙasa, yana tsayawa ne don kowace ƙafa ta karɓi nauyi ta miƙa wa 'yar'uwarta, su sauke shi ƙasa tare. Ya ce in ka ga baka ɗaya tilo ya haye ɗaki daga bango zuwa bango, bakan gizo ke nan. In suka gicciya suka riƙe juna, yadda ake gicciya itace a bakin gugan rijiya a ɗaure, shi ne ɗaurin guga. Sannan ya sa yatsa a kan hoton, daidai ƙarfen da ya ratsa babban bakan a karkace, ya ce, "Wanda ya sa wannan ya san gini. In babu shi, turi ɗaya daga gefe zai kwantar da ɗakin."

Wallahi tsigar jikina ta tashi. Mutumin nan bai taɓa ganin motar tsere ba, amma ya karanta aikin kowane ƙarfe. Kuma a Zariya muke, garin da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina Masallacin Juma'a zamanin Sarki Abdulkarimu da wannan fasahar, bakunan suna nan tsaye har yau a cikin sabon ginin da aka lulluɓe su da shi. Ilimin riƙe rufi daga ciki namu ne tun kafin mota ta zo.

Saboda haka ni na tsaya a nan: ɗaurin gugan mota. In ana cikin zancen mota, ɗaurin guga kawai ya isa. Kuma kalmar ta zo da 'ya'yanta: babban baka shi ne na bayan kan direba, bakan gaba na bin gilashi, ƙafafu su ne inda ya dafa bodi, a ce mai ƙafa shida, farantin ƙasa kuma takalmi.

Da na fitar da sunan nan, na ga ƙorafi biyu. Wani malami daga Samaru ya ce matasa ba su san ɗaurin guga ba, za su zaci gugar kaya ake nufi. Malam, da girmamawa, a rubuce ne kawai suke kama, a baki gugan rijiya daban, gugar tufafi daban, kuma yaron da ya iya haddace shokozoba da kafireto ba zai gaza wannan ba. Ɗayan ya ce rolkeji ta riga ta shiga, a bar ta kamar yadda aka bar birki da sitiyari. Da ta shiga da ban yi magana ba, ba ni da faɗa da aro. Amma birki kowa ya san aikinsa. Rolkeji kuwa mutum nawa suka san ta a Zariya yau? Ba ta zauna ba tukuna, kuma rabinta na biyu keji ne, wanda ya riga ya sa an kawo mana fayif ɗin ruwa.

Da la'asar na koma garejin na gwada. Na ce wa mai waldan, "Oga, a manta da keji. Ɗaurin guga za ka yi, irin na soro, amma da bututu." Ya yi shiru, ya shiga cikin motar ya tsuguna, ya dafa ƙasan bayan kujera da tafin hannu. Ya ce, "To ashe daga nan ƙafar za ta tashi. Kuma wannan wurin ya ci tsatsa, sai an yanke an sa sabo kafin a ɗora masa komai."

Ranar Asabar ƙanena da abokansa za su shiga Kaduna neman bututu marar ɗinki. Saura bel ɗin nan mai madauri shida da ke riƙe kafaɗu da ƙugu da cinya. Wani ya ce majanyi, ina sauraron masu goyon baya da masu ja.